Rijiyar da Baba Ya Ƙi Shan Ruwanta

Jiya jikata ta nuna mini hoton kurkunu a littafinsu na lakwal, wato makarantar boko, wai ko na taɓa ganinshi. Na ce a ƙafar mahaifina na gan shi.

Zamanin Nasara ne, ina yarinya a Dogon Dutsi. Da aikin dole anka gina rijiyar gari, kuma ana cikin gini ta rufta da ƙanen Baba. Da anka gama, kowa ya koma can ɗiba, ruwa fes. Baba kuwa sai tabkin da shanu ke shiga.

Inna ta ce, "Maigida, ruwan nan cuta ne. Ga mai kyau a randa."

Ya ce, "Ki sha, ki ba yara. Ni in na kai shi baki, ƙanena nika gani."

Damina na faɗuwa kurkunu ya kwantar da shi, ciyawa ta cinye geronmu. Ƙafar ta shanye, bai sake noma ba.

Sai da na girma na ji cewa tace ruwan tabki da ƙyalle ma ya isa ya hana kurkunu. Da mun sani!

Da ku ne Inna, me za ku ce mishi?