Igiyar Malam Haladu Roni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, ina tsakiyar darasi a Gwiwa aka kira ni aka ce Allah Ya karɓi ranka, Malam Haladu, malaminmu na lissafi. Na kalli allo, na ga rabi da kwata da na rubuta suna yawo kamar a cikin ruwa.

Tun daga ranar, in na zauna da la'asar sai in riƙa ganinka kana gangarowa ta tsakanin duwatsun Roni a kan tsohon kekenka, igiyar ramar nan a rataye a wuyanka. Da ita ka koya mana kashi-kashi. Ka ninka ta biyu, rabi ke nan. Ka ƙara, kwata. Ka ƙara, ɗaya bisa takwas. Ba ka taɓa yarda a yanka ta ba. Duk wanda ya ce maka "rabi", sai ka ɗaga gira ka ce, "Rabin me?" Har muka laƙaba maka sunan a ɓoye, ashe ka sani.

Ina aji uku na sakandare mahaifinmu ya rasu. Baffanninmu suka taru don auna gonarsa. Ba da mugun nufi ba, suka fara fitar da sudusin kakarmu, ɗaya bisa shida, sannan suka cire tumunin Innarmu, ɗaya bisa takwas, daga abin da ya rage. Bambancin taki kaɗan ne, amma a cikin takin nan ɗorawar da Inna ke yin daddawa take ciyar da mu ta tsaya. Na ga kuskuren, bakina ya yi nauyi a gaban manya. Na zo wurinka ina kuka.

Ba ka yi gaggawa ba. Ka je gonar, ka durƙusa ka gaida Baffa Daudu, babban cikinsu, ka ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ce ta ɗalibi. Tumunin me aka fitar, na gonar duka ko na saura?" Baffa ya ce a kira liman. Liman ya ce na duka ne. Aka sake jan igiya, sai ga ɗorawa ta faɗo ɓangaren Inna. Ka hau kekenka, ko ruwa ba ka tsaya sha ba.

Yau ni ma lissafi nake koyarwa, kuma nakan ji tambayarka tana fita daga bakina da muryarka. Na yi kewarka ƙwarai, Malam.

Shekara goma sha bakwai Inna tana aika maka daddawar farko, kana tsokanarta cewa ta fi tumuni. Bana ma ɗorawar ta nuna, Inna ta ƙulle taka daddawar tun ranar Lahadi, tana jiran mai zuwa wurinka. Da muka je gaisuwa ta miƙa wa maiɗakinka ƙullin.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka rabonka cikakke a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Ummi Kulsum, da 'ya'yanka Jalaluddeen da Sadiyya, da dukkan mutanen Roni. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.

Ɗalibarka,
Ikilima Muhammadu Lawal, Gwiwa