Tokar Inna Ta Je Jos

Lafiya

Ana idar da sallar asuba na kama hanyar tasha da buhuna biyu. Shekarar 2004 ce, kuma mai unguwarmu a Akurba, cikin garin Lafiya, ya riga ya yanke magana: ko in kwashe tulin ɓuntun shinkafar da ke bayan injina na casar shinkafa yana ci da wuta dare da rana, ko in rufe injin. Hayaƙin ya ishi maƙwabta, ni ma na san da gaskiyarsu. Amma da injin nan nake ciyar da gidanmu.

Wani abokina ya ba ni labarin kamfani a Jos da ke sayen tokar ɓuntu. Sai na tono toka fara sol daga tsakiyar tulin, inda wuta ta fi ƙarfi, na cika babban buhu. Ƙaramin kuwa na mahaifiyata ne, Inna. Toka ce ruwan toka-toka daga murhun da take turara shinkafa, ta ce in kai wa ƙanwata Falmata ta riƙa goge tukwane. Na ce, "Inna, Jos ɗin babu toka ne?" Ta ce, "Irin tawa babu."

Akwanga

Fijo ce muka shiga, mu tara kamar kifin gwangwani. Bayan Akwanga 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya zura hannu a buhuna, ya ga farin gari, ya zaro ido.

"Oga, wannan mene ne?"

"Toka ce, ranka ya daɗe."

Ya ɗanɗana, ya tofar, mota ta ɗauki dariya. Ya ce wa direba, "Kwashe mahaukacinka ku tafi!" Ban ji haushi ba, ni na san abin da na ɗauko.

Jos

Kafin azahar mun haye Hawan Kibo, sanyi ya tarbe mu. A kamfanin aka haɗa ni da Madam Ladi mai gwajin kaya. Ta ce abin da suke nema a tokar shi ake kira silika, kuma iri biyu ce. Akwai mai tauri kamar yashi, akwai mai laushi wadda ba ta dunƙule ba. Mai laushin suke so, don ita ke haɗuwa da siminti ta ƙara masa ƙarfi. Ta nuna mini danginta: farar ƙasa daga Yobe da ake tace mai da ita, da ƙananan ƙullin nan na cikin kwalin takalmi masu shanye danshi.

Ta shiga da samfurina, na zauna ina karkaɗa ƙafa. Da ta fito sai ta girgiza kai. "Malam, wuta ta yi mata yawa. Ta koma yashi."

Nan take na hango injina a rufe. Na sunkuya zan ɗauki kayana, sai ta nuna ƙaramin buhun. "Wancan fa?"

"Na goge tukwane ne."

"Kawo mu gani."

Ba ta dawo ba sai bayan la'asar, tana murmushi. Ta ce wannan a hankali ta ƙone, ita ce daidai. In zan daina tara ɓuntu ya ci da kansa, in riƙa ƙona shi kaɗan-kaɗan, za su turo mota duk wata. Ta riƙe buhun gaba ɗaya.

A gidan Falmata na kwana, na ci tuwo da miyar kuka, ga shi na je mata hannu rabbana, ba saƙon Inna.

Gida

Washegari da yamma na sauka Lafiya. Na biya wajen mai unguwa na ba shi tabbacin tulin zai tashi, injin kuma zai ci gaba da aiki. Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya.

Inna na bakin murhu. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, "Ka ba Falmata tokarta?"

Na durƙusa na ce, "Inna, kamfani ya ƙwace. Gobe kuma ke za ki koya mini hura wuta."