Faretin Gabas da Gusum

Har gobe ban mance da ranar da aka ɗora mini shirya faretin tsofaffin sojoji a Buza ba. Kun tambaye ni abin da ya fi faranta mini rai a duk zamana na kaki, to wannan ne, kuma ko harsashi guda ba a harba ba.

A tsakiyar shekarun 1970 ne, ina sarjan, aka turo ni Buza daga barikin Tawa. Ana shirin bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba. Sufurefe, wato mai mulkin gundumar, wanda jama'a ke kira Kumandan, kyaftin ne na soja, mutum mai son tsari. Ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce bana duk wanda ya taɓa sa kaki a ƙasar Buza zai bi layi, bayan 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, da samari. "Amma Sarjan," ya ce, "waɗanda ba su iya daidaita ƙafa ba ka cire su. Ba na son a yi mana dariya gaban baƙi."

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, tsofaffin sojojinmu iri biyu ne. Akwai dattawa da suka yi sojan Faransa, masu lambobi a ƙirji, da Faransanci aka hore su. Akwai kuma samarin wannan yanki na Adar da suka tafi ci-rani Najeriya, yaƙin basasa ya tarar da su can, suka shiga sojan ƙasa, masu yaƙi a ƙafa. Su da Turancin Ingilishi aka hore su. Sun dawo gida ba wanda ya san inda zai sa su, don ba tutarmu suka bi ba.

Shugaban dattawan shi ne Baba Nomau na ƙauyen Babankatami, ɗan siririn tsoho mai gashin baki, wanda ko fura zai sha sai ya zauna a miƙe kamar an haɗiyar da shi sanda. Doka ce addininsa na biyu. Cikin 'yan Najeriya kuwa akwai ɗansa na cikinsa, Illa. Tun da Illa ya dawo, uban bai taɓa tambayarsa inda ya je ko abin da ya gani ba. Ya hana shi sa kakinsa a gida, yana cewa ɗan ci-rani ne aka ara wa bindiga. Yaran gari kuma suka laƙa masa suna Lefrai, suna kwaikwayon odar hagu-dama ta Turanci.

Ranar gwajin farko na jera su a filin ƙwallo, na cika ƙirji na ce, "Gardabu!" wato a ƙame. Dattawa suka haɗa dugadugai a hankali. 'Yan Najeriya suka kalle su, suka gane, suka ɗaga gwiwa suka doka ƙasa har ta amsa.

"Ku ji su," in ji Baba Nomau, "awa masu kashin kunama."

Na ce, "A gosh, gosh!" wato a juya hagu. Dattawa suka juya. Cikin samari wani ya juya dama, wani ya tsaya yana raba ido, wani ya sara mini. Illa kuwa ya juya ya tarar da kansa hanci da hanci da ubansa. Matan da suka tsaya da tuluna a ka suka fashe da dariya har ruwa na zuba.

"Mi nic ce maka, Sarjan?" in ji tsohon. "Waɗanga ba soja ba na. Ka sallame su su tahi sussuka."

Na koma Hausa, na ce hagu, na ce dama. Nan kuma dattawan ne suka ba ni kunya. Kunnensu ya saba da gosh, sai sun tsaya sun fassara. Akwai wani Baba Jibo da kullum sai ya ɗaga hannu ya kai baki, ya tabbatar da wanda yake cin tuwo da shi, sannan ya juya. Kwana da kwanaki muna haka, kalma guda kawai kowa ke ji, ita ce "Alt!" don ta zo ɗaya a harsunan biyu. Tsayawa dai mun iya ta ƙwarai.

Wata rana da hantsi ya yi zafi muka huta, Illa ya same ni gindin bishiyar bedi. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce ga-ruwa yake yi a Sakkwato lokacin da aka yi shelar ɗaukar soja. An hore su a gurguje, aka zuba bataliyarsu cikin jirgin ƙasa aka yi kudu da su. Sun fara da tsaron wani garin tashar jirgi, daga nan suka ƙetare babban kogi a kwale-kwale, aka ba su wata gada suka riƙe ta damina guda cur, ruwa bisa, wuta gaba. A nan ya binne abokinsa, wani yaron Azarori. Da yaƙi ya ƙare, bataliyar ta koma rabon abinci ga yaran da yunwa ta kama, kuma ya ce wannan ne aikin da ya fi so a tuna shi da shi.

"Abin da yat tada muna hankali can ba harsashi ba na," ya ce. "Daji na wanda ba ka ganin rana. Mutum shi tashi bai san gabas ba! Sajenmu Kirista na, amma kullum da sahe shi kan hiddo da ɗan agogonshi mai nuna hanya shi ce, 'Yan Adar, ga gabas ɗinku, ku yi salla."

Sannan ya ce, "Sarjan, in anka hidda mu, Baba ya yi gaskiya ke nan gaban kowa. Ni ko ban iya zama garinga ana ce mani Lefrai har in tsuhwa. Komawa za ni yi, da mata da ɗiya." Wallahi abin ya taɓa ni.

Aka kira azahar. Muka yi alwala, muka tsaya bayan Baba Jibo, don shi ke ba mu salla. Ba wanda ya ba da oda, amma sahu ya miƙe sumul, dattijo kusa da saurayi. Baba Jibo ya waiwayo ya ce, "Ku gusa gusum kaɗan, rana na bugun na ƙarshe." Gusum ita ce kudu a bakin Adar. Sai na ga sahu duka ya gusa lokaci guda, ba wanda ya duba hannunsa. Allah ya gafarta mini, wannan sallar rabinta a filin fareti na yi ta.

Ku da kuka tashi a birni ba lalle ku gane ba. Mutumin ƙauyenmu ba ya kwatance da hagu da dama. Ko tabarma za ka gyara masa, cewa zai yi ja ta arewa. Ko daga barci ka tashe shi ya san inda gabas take.

Ana sallamewa na jera su, na ce, "Huska arewa!" Kwaram, suka juya kamar mutum ɗaya. "Huska yamma!" Haka. "Huska gusum!" Haka. Baba Jibo ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Baba Nomau kaɗai ya ɓata rai, ya ce wannan ba ya cikin doka. Na ce, "Baba, doka ta ce a juya tare, ga shi an juya." Ya murza gashin baki, ya koma layi. Da Kumandan ya zo duba mu, ya saurari odar, ya dube ni, ya dubi layin. Ya ce tunda yake bai taɓa jin irinta ba, amma layi ya fi na 'yan lakwal kyau, a ci gaba.

Ranar biki gari ya cika, har daga Kaita da Madawa an zo. Na ce kowa ya sa kakin da ya yi aiki da shi. Illa ya iso a makare, ya shige layin baya da kore-koren kayansa da suka sha guga. Muka taso da ganga, ƙafa na faɗuwa tare. Rumfar manya tana gabas da hanya, da muka zo daidai da ita na ce, "Kai gabas!" Kawuna suka juya gaba ɗaya. Jama'a suka ɗauki sowa, mata na guɗa, don karo na farko ke nan da suka ji odar soja suka gane ta. Ni kaina ƙafata ba ta taɓa ƙasa don daɗi.

Bisa al'ada, bayan an tsaya shugaban tsofaffin sojoji yakan bi layi ya duba mutanensa kafin a watse. Baba Nomau ya taho yana gyara wa wannan maɓalli, yana harar takalmin wancan, ni ina biye. Da ya zo kan Illa sai ya tsaya cik. Ya ƙura wa hannun rigar ido. Igiya biyu ce ɗinke a kai. Ni ma sai ranar na gani. Tsohon ya dubi nasa hannun, inda igiya ɗaya take, ta soja mai daraja ta farko, wadda ya yi duk aikinsa da ita.

"Wanga mi na?" ya ce.

"Kofur na, Baba. Bisa gadar nan anka ba ni."

"Kaparal ke nan?" Ni ya tambaya. Na ce ƙwarai, kaparal ne, ko a wace ƙasa.

"Kuma ba ka hwaɗi ba?"

"Ba ka tambaya ba, Baba."

Tsohon ya ja da baya taki guda. Ya haɗa dugadugai, ya miƙe iyakar miƙewarsa, ya ɗaga hannu ya sara wa ɗansa a gaban Kumandan da duk mutanen Babankatami da suka zo kallo. "Mon kaparal," ya ce, kamar yadda ake ce wa na gaba. Illa ya doka ƙafa ya mayar masa, hawaye na bin fuskarsa. Baba Jibo ya yi kabbara, fili ya ɗauka. Ni kuwa na juya na yi kamar ina neman mai ganga.

Illa bai koma ko'ina ba. A garinsu ya tsufa, kuma daga ranar sunansa Kaparal.

Abin da na ɗauka daga nan na riƙe shi har na ajiye aiki da muƙamin ajudan. In mutanenka sun kasa bin oda, kada ka yi saurin cewa ba su iya ba, ka saurari yadda suke magana da junansu tukuna. Kuma duk wanda ya dawo daga fagen fama, ko tutar wa ya bi, ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da ya gani. Yawancinsu tambayar nan kawai suke jira.