Kaset ɗin Maman Palladan

Yanzu tura finafinai a waya nake yi a shagona na Sabon Gari, amma da can gyaran bidiyo da ɗaukar biki ne sana'ata. Har yau akwai kaset guda a ƙasan kanta da na kasa yarwa. Matata ta ce tarkace ne. Na ce mata ta taɓa shi mu ɓata.

Na wata tsohuwa ce, Bajamushiya, da ke zaune a Palladan. Wani malamin jami'a ɗan kudancin Kaduna ya auro ta ya kawo ta Samaru, ya rasu, ita kuwa ta ƙi komawa. Hausarta ta fi ta wasu 'yan cocinmu, ba wasa ba. Tun tana ƙarama take irin rawar nan da ake tsayawa a kan yatsun ƙafa, har ta yi suna a ƙasarsu. Da idon sawunta ya samu matsala sai ta koma fim. Na taɓa ganin yatsun nan cikin silifas, duk sun karkace kamar citta.

Ranar da ta kawo kaset ɗin, a naɗe yake cikin ɗankwali.

"Ɗana, fumfuna ta kama shi. Wannan ne fim ɗaya da na yi rawa a ciki, kuma babu wani kwafi a hannuna. Idona na tafiya. Ina so in ga kaina kafin ya rufe."

"Haba Mama, aikin kwana biyu ne."

Ƙa'idar shagona, duk kaset ɗin da aka kawo sai na manna takarda na rubuta sunan mai shi. Wanda ba suna, nawa ne, na maimaita ɗauka a kai. Nata ban rubuta ba. Wa zai manta kaset ɗin Baturiya? Na goge shi tas, tsohuwar takardarsa da damina ta jiƙa ta ɓalle, na ajiye shi a kan kanta.

Asabar ɗin nan matan zumuntar coci suna da taron da zan ɗauka a Dogarawa, ga shi na makara, ga kaset ya ƙare mini. Na wawuri ɗaya mara suna, na toshe ramin da ke hana ɗauka a kai da salatif yadda muke yi, na tafi. Awa uku cur na ɗauka a kansa. Sai Litinin na gane na Mama ne. Yesu!

Ta zo da rana, tana dogara sanda. Gaskiya ta zo mini har bakina, tsoro ya mayar da ita. Na ce mata muryar ta lalace, hoto kawai ya tsira. Na rage sautin gaba ɗaya, na ja mata kujera dab da talabijin.

Matan zumunta suka fito da fararen riguna, suna rangaji, ba ko ƙara. Ta sa fuskarta kusa da gilashin. Ƙafafunta suka fara motsi a ƙarƙashin kujera, dunduniya ta ɗaga, yatsun nan suka tsaya a kan siminti. Ta fi rabin awa a haka. Ni kuwa ina tsaye a bayanta, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba, ina kuma murna a raina wai ƙaryata ta shige.

Da ta tashi, na miƙa mata kaset ɗin. Ta mayar mini da shi, ta riƙe hannuna.

"Sun iya rawa, ɗana. Ka gaishe su. Amma a fim ɗina, ni kaɗai ce."

Kafin Kirsimeti idon ya rufe. Ban je gaishe ta ba, ko sau ɗaya, har aka binne ta kusa da mijinta.