Dabdub ɗin Gidan Ruwais

Mahaifiyata ta yi shekaru tana guga a gidan wasu Larabawa a unguwar Ruwais. Da 'ya'yan gidan suka girma, matar kafilinta, wato maigidan da ya tsaya mata a takardun zama, ta tattara kayan wasansu ta ba ta. A ciki akwai dabdub, wato ɗan beyar na auduga, mai ruwan ƙasa, an ɗinke masa kunne ɗaya da baƙin zare. Tare da shi akwai littafin hotuna na Larabci mai ɗauke da labarinsa. Ina aji uku a lokacin.

Kakata ce ta fara ɗaukar dabdub ɗin. Ta juya shi, ta shinshina.

"Wannan kura ce ko kare?"

Na ce, "Dabdub ne, Kaka. Dabbar ƙasashen sanyi."

"To me ya aikata har aka yi masa littafi?"

Ba ta iya karatu ba, Larabcinta kuma na cefane ne kawai. Sai ya zama bayan la'asar, a ɗakinmu na unguwar Bani Malik, ina karantawa ina mayar mata da Hausa. In kalma ta ƙwace mini in saka ta Larabci, ita kuma ta gyara. A bakinta na fara jin "kututture" da "yayyafi".

Labarin ba wani mai yawa ba ne. Dabdub ya fita ziyarar abokinsa cikin ruwan sama, bai same shi ba, ya zauna ya jira, ya koma gida.

"Shi ke nan?"

"Halas, ya ƙare, Kaka."

"Bai cinye kowa ba?"

"Ko ɗaya."

Ta ce malalaci ne. Washegari ta ce in ɗauko littafin malalacin nan.

Bayan rasuwarta dabdub ya koma hannun 'yar maƙwabtanmu. Da iƙamarsu, wato izinin zamansu, ta ƙare suka koma Nijar, ta tafi da shi. Littafin kuwa ya yayyage, aka zubar.

Bara a wani kanti a unguwar Madain Fahd, 'yata ta zaro sabon bugunsa daga cikin littattafai, ba tare da na taɓa ba ta labarinsa ba. Ta tsaya nan ta karance shi. Na tambaye ta me ya burge ta. Da Larabci ta amsa, don Hausarta ta ji ce kawai.

"Ba ya sauri, Mama."

Na saya mata. A mota ta sake buɗe shi daga farko.