Damin Irin da Kaka Ta Hana A Ci

Shekarar da damina ta yaudare mu a Tajaye, rumbunanmu duk sun koma ɗakin ɓera. Dami ɗaya na gero ya rage, iri, rataye a ɗakin kakarmu Inna Hajo. Mu kuwa 'ya'yan anza masu ɗaci, na itacen daji, muke ci. Babana ya ce gobe za a sussuke damin, tunda ƙanwata Rabi ta fara kumburin ƙafa.

Bayan magariba Inna ta hura wutar kara, muka kewaye ta. Hayaƙi na tashi a hankali, ni ina bin sa da ido har cikin taurari.

"Ga ta nan tahe, ku buɗe kunnuwa," in ji ta, da murya sama da yadda ta saba.

Wai ruwan sama tsoho ne makaho, yana yawo bisa gajimare da salka a kafaɗa. Ba ya ganin gari, sai dai ya sunsuna. Inda ya ji ƙanshin irin da aka binne cikin busasshiyar ƙasa ana jiransa, nan yake kwance bakin salka. A wani gari yunwa ta sa suka daka irinsu. Tsoho ya zo ya shaƙa, ya shaƙa, ya ce, "Nan babu mai jirana," ya wuce.

"To, su mi sunka yi, Inna?" na tambaya.

"Sunka ƙoshi dare guda, ɗiyata."

Daga bayan zana muka ji Baba ya yi gyaran murya. "Inna, Rabi fa?"

"Rabi ta riƙa cin rabona. Ni na ci duniya, ta ishe ni."

Ba a taɓa damin ba. Aka yi binne, ruwa ya sauka, gero ya yi kai. Rabi ta tashi. Inna ba ta ga girbin ba.

Yau ina digiri na biyu a Yamai, ina nazarin yadda manoma za su jure canjin damina. Aiki kan kai ni ƙauyukan Alela da buhunan iri mai saurin nuna. Abokan aikina kan yi fushi in sun tarar an dafa irin kafin shuka. Ni ban iya fushin ba, tausayi ke kama ni. Duk gidan da na tarar iri ya kai damina lafiya, sai in dubi tsofaffin gidan, in ga wace ce ta rame.