Injiniya Sharhabil da Amanar da Mai Wankan Gawa Ya Ci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, jim kaɗan bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran aminina Injiniya Sharhabil Ibrahim na Unguwar Sarki, tsohon ma'aikacin hukumar ruwa, yana da shekara sittin da ɗaya. Ya bar matarsa Hajiya Turai da 'ya'ya biyu, Zakariyya da Nusaiba. An sallace shi bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa.

Sharhabil, na so in rubuta maka irin ta'aziyyar da aka saba: mutumin kirki, mai haƙuri, ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Duk gaskiya ne, ban da gajeriyar. Amma mutanen unguwa ba su bar ni ba, kai ma ba ka bar ni ba. Da fushi na zo yau, kuma wani kaso na fushin naka ne.

Bari in fara da alherinka, kada a ce baƙin ciki ya mantar da ni. Ba na jin akwai masallaci daga Unguwar Sarki zuwa Kawo da ba ka taɓa durƙusawa gaban injin burtsatsensa ba, kuma ko ruwan leda ba ka yarda a saya maka. Ban manta tsohuwar nan ta Kinkinau da famfonta ya tsaya ana jibi Sallah ba. Daga masallacin Juma'a muka biya, ka shiga rami da farar shaddarka, ka fito kamar wanda aka tono. Muna cikin tafiya sai ka tsaya cak a ƙofar gidan da ba ka san kowa ba, ka kasa kunne, ka yi sallama ka ce wa maigidan injinsa yana kuka, ya duba shi kafin ya ƙone. Tsohuwar Fijo ɗinka kuwa kana canza mata baƙin mai tun lokaci bai yi ba. Ni ne abin tsokanarka: "Shu'aibu, ka cinye littattafan duniya, amma ba ka san inda ake zuba wa mota ruwa ba."

To, wannan mutumin, mai jin kukan injin maƙwabta ta bayan katanga, shi ne ya ƙi jin na jikinsa.

Zan faɗi abin da ba a faɗa a ta'aziyya, kuma zan kawo dalilina. Ciwon suga ya kama ka tun kana ɗan arba'in da 'yan kai, ya bi jijiyoyi a hankali har ya kashe maka ƙarfin mazakuta. Ka daɗe kana haɗiye abin kai kaɗai. Turai ba ta kai ƙara gidansu ba, ba ta gaya wa ƙawa ba, ba ta canza maka fuska ba. A 2012, bayan ka tambayi malami game da tiyatar dashe ya tabbatar maka neman magani ne kamar kowane, muka tafi Alƙahira ni da kai. Muka ce wa mutane likitan ido za ka gani. Ka dawo da tabaranka na da, kuma duk unguwar nan mai sa ido ba wanda ya lura.

Ina zaune lokacin da likitan ya ajiye abin a kan tebur: siraran bututu biyu masu laushi da ake dasawa cikin mazakuta, ɗan ƙaramin famfo da ke zama cikin maraina, da 'yar jakar ruwa a mara. Ka juya shi a hannu kamar kana kasuwar kayan gyara, ka yi tambayar injiniya: shekara nawa yake yi? Ya ce galibi goma zuwa sha biyar, wasu su wuce haka. Ya ce tsawon ransa yana hannunka: ka riƙe suga, ka bar wurin ya warke sarai kafin ka kusanci iyali, ka riƙa sauke shi idan an gama, ka kiyaye shi daga bugu, ka riƙa zuwa ana dubawa. Idan ya daina aiki ba tashin hankali ba ne, ana cirewa a sa sabo. Amma in ka ga kumburi ko ja, ko ka ji zafi da zazzaɓi, kada ka kwana a gida. Kuma kada kowa ya kusanci wurin da allura. Ka yi dariya ka ce, "Ashe famfo duk famfo ne."

Shekarun farko ka kiyaye. Daga baya ka fara cewa ai lafiya ƙalau yake. Shayinka ya koma cokali uku, kana ce mini na ukun na baƙo ne. Zuwa dubawa ya tsaya, don akwai likitocin mafitsara a nan Kaduna da Zariya, amma layinsu a fili yake, kuma kana tsoron ka ɗaga kai ka ga wani tsohon abokin ofis a benci. Ban san me kake zaton ya kawo shi bencin ba. Sayen goro?

A bana abin ya tsaya, shekararsa goma sha uku, ya yi iyakar abin da aka ce zai yi. Canza shi aikin tiyata ne da likitoci suka saba. Maimakon haka ka tuƙa Fijo har Katabu, inda ba a san ka ba, wurin wani mai maganin maza, irin waɗanda ke ɗaura lasifika a kan mota suna zayyano al'aurar mutane da rana tsaka a gaban yara. Abin mamakin garin nan ke nan. Mai lasifika ya faɗi abin da ya ga dama a bakin kasuwa, ba mai jin kunya. Amma dattijo ya zauna gaban likita a ɗaki a rufe, wannan ne abin kunya. Ba ka gaya masa akwai dashe a jikinka ba, shi ma bai tambaya ba, don ba tambaya ya fito yi ba. Ya soka maka allura a wurin da aka ce kada allura ta kusanta.

Wurin ya kumbura, zazzaɓi ya shigo. Ka ce wa masu dubiya basir ne. Nan fa gari ya motsa, don a Kaduna kowa likitan basir ne: mai jiƙo ya kawo, mai saiwa ya kawo, har da wanda ya kawo hayaƙi. Turai ta yi roƙo, ta yi kuka, ta kira mota ka kore ta. Kai ka sa ta riƙa tsayar da mutane a falo saboda warin da ciwon ya fara. Sai da ka faɗi a banɗaki ta kira ni. Likitoci suka ce ƙwayar cutar ta shiga jini, suga ya hau, suna ta faman daidaita ka don a shiga tiyata a cire abin. Ba ka jira su ba.

Ranar da muka kai ka asibiti, da hankalinka ya ɗan dawo, ka kama hannuna ka ce, "Shu'aibu, baiwar Allahn nan ta rufa mini asiri shekara da shekaru. In bakin mutane ya juyo kanta, ka tona nawa ka rufe nata." Na ce ka daina irin wannan magana. Ashe ka fi ni sanin mutanenka.

Yanzu ga wanda ya fi kowa cin fushina. Wanda ya yi maka wanka, da hannunsa naɗe da ƙyalle a ƙarƙashin mayafi kamar yadda shari'a ta ce, ya ji wani abu mai tauri inda bai zata ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san abin da mai wanka ya gani ko ya taɓa amana ce, tare da gawar ake binne shi. Wannan bawan Allah ko hannunsa bai gama bushewa ba ya raɗa wa na kusa da shi a wurin zaman makoki. Kafin sadakar uku, abin ya zama laya. Kafin bakwai, ya zama ƙullin asiri da aka dasa maka don a mallake ka. Wa ya dasa? Wa kuwa, in ba matar da ta hana dangi shiga ɗaki ba? Ba zan ambaci sunansa ba. Zan yi masa suturar da ya hana mamaci.

Yayarka Hajiya Maijidda ta tsaya a tsakar gidanka, gaban mata, ta ce, "Turai, ai sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha, kin gama da shi." Matan da suka ci tuwon gidan nan shekara talatin suka sunkuyar da kai. Mace tana cikin takaba, ba ta da ikon fita ta bi gida gida ta wanke kanta, kuma ko tana da iko ba za ta yi ba. Abin da ya fi ciwo, Zakariyya, ɗan da ta haifa, ya daina cin abincinta. Nusaiba ce ta gaya mini: kullum uwar sai ta zuba masa ta rufe, kullum sai a ɗauke kwanon yadda aka ajiye shi.

Na je na sami Turai, muka yi magana ta bayan labule. Na gaya mata wasiyyarka. Ta ce, "Malam, don Allah ka bar su. Gara a zage ni da a yi wa Injiniya dariya a majalisa." Ka ji matar da ake cewa ta kashe ka.

Hajiya Turai, ki gafarce ni, ban bi maganarki ba. Shi ya riga ki roƙo, kuma shi ba zan sake ganinsa in ba shi haƙuri ba. Masu dariya kuma su yi. Na san majalisar nan, na san nawa ne a cikinsu ke da suga, na san motocin da ake gani a hanyar Katabu. Duk mai irin wannan dashe a jikinsa, ko mai irin wannan lalura, ya ji da kyau: abin yana da shekarunsa, yana tsufa kamar kowane inji, ana duba shi, ana canza shi. Bai kashe Sharhabil ba. Ya ba shi shekara goma sha uku na zaman lafiya da iyalinsa. Kunyar benci ce ta kashe shi, da allurar jahili.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Sharhabil, Ka yafe masa taurin kansa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kamar yadda ya shayar da unguwanni bai karɓi ko kwabo ba. Ka haskaka kabarinsa, Ka kyautata namu zuwan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Turai, da Nusaiba, da Hajiya Maijidda, wadda na san zafin rashin ƙane ne ya yi magana da bakinta, kuma ta san hanyar ɗakin da za ta je ta nemi gafara.

Kai kuma Zakariyya, Allah Ya ba ka haƙurin rashin uba. Yanzu ka san abin da ke jikin mahaifinka, ka kuma san wadda ta rufa masa asiri tun kana makarantar firamare. Kwanonka yana nan a rufe inda ta saba ajiyewa. Ka je ka buɗe shi a gabanta.